Shekel ɗin Taya da ban sa a sikeli ba

Giram 11.2. Abin da sikelin maƙerin azurfa ya nuna ke nan ranar da na kai masa shekel ɗin Taya, wato tsohon tsabar kuɗin azurfa na birnin Taya, da na saya ta intanet, kuma har yau lambar nan tana ci mini rai. Na gaske yakan kai wajen giram 14. Na san haka sarai kafin in biya. Ban dai tambayi mai sayarwar nauyinsa ba, don hoton ya riga ya tafi da hankalina.

Shekara uku ina tara ƙananan tsabar tagulla na tsoffin biranen Finikiya da ke gaɓar Labanan da Siriya ta yau, na Sidon da na Arwad, ba wanda ya taɓa ba ni ciwon kai. Amma burina shi ne na Taya, birnin da Larabawa ke kira Sur a kudancin Labanan, wanda Iskandar Mai Girma, sarkin Makidoniya, ya yi wa ƙawanya wata bakwai a shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekara ta 126 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) birnin ya fita daga hannun Salukiyawa, sarakunan Girkawa da suka mulki Siriya bayan Iskandar, ya fara buga shekel nasa: kan Melkart, abin bautar mutanen Taya, a fuska ɗaya, gaggafa tsaye a kan goshin jirgin ruwa a ɗaya fuskar, ga kulki a gefe, ga shekarar bugawa da haruffan Girkanci. Azurfarsa ta haura kashi 90 cikin 100, shi ya sa da ita ake biyan harajin Haikalin Yahudawa a Ƙudus.

Duk waɗannan alamomi suna jikin nawa, babu wadda ta ɓace. Maƙerin bai ma kalle su ba. Gefen ya shafa da farce, ya nuna mini wani siririn layi da ya zagaye tsabar, sai ƙananan ramuka a wuyan Melkart. Ya ce, "Alhaji, wannan zubi ne." Mutanen Taya kuwa bugu suke yi da guduma tsakanin hatimi biyu, ba sa zubi.

Ajiyar wata huɗu ta tafi, mai sayarwar ya daina amsa saƙo. Yanzu ko tagulla ce mai araha, sai an turo mini hotonta a kan sikeli, da hoton gefenta, da bayanin hannun da ta fito. Wanda ya ƙi, na bar masa kayansa. Na sayi ƙaramin sikeli nawa, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da na yi asara ba.

Jabun yana nan cikin akwatina. Na gasken har yanzu ban saya ba.