Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a jinyar Duna

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, kwikwiyon nan namu, Duna, da na kawo kukan ciwon fatarsa kwanakin baya ina neman shawara, Allah Ya ba shi lafiya. Susa ta tsaya, gyambuna sun warke, gashi ya rufe kunnuwa da ƙafafu, saura ɗan fili a ƙirji, shi ma ya fara yin baƙi. Yaran gidana da ƙurajen suka taɓa duk sun warware. Tunda a gabanku na yi kuka, a gabanku ya dace in yi godiya. Ba zan kama sunan kowa ba domin ban nemi izini ba, amma duk wanda ya karanta zai gane kansa.

Ga waɗanda ba su san mu ba, muna da 'yar gonar kiwo a bayan garin Zariya, ta hanyar Shika, kaji ne da awaki. Uwar Duna ita ke mana gadi shekara da shekaru. Ita ta raba mu da ɓarayin awaki, ita ta hana muzuru da tunku shiga akurki. Yanzu girma ya fara kama ta, shi ya sa a cikin 'ya'yanta na ƙarshe muka riƙe wannan baƙin domin ya gaje ta. Ba karen ado ba ne, wani ɓangare ne na abincinmu.

Yana kusan wata 4 abin ya fara. Da farko susar kunne ce, kowa ya ɗauka ƙuma ce. Kafin a ankara gefen kunnuwan ya yi ɓawo mai kauri kamar ƙanzon tukunya, gashin gwiwoyin ƙafafun gaba ya zube, ciki ya yi jajur da ƙuraje. Da dare daga ɗaki muna jin ƙafarsa tana bugun langa-langar rumfa, ba tsayawa har asuba. Abinci ma sai ya ci loma biyu ya bari ya koma susa. Ya rame, haƙarƙari ya fito, inda ya tsage da farce ya fara mugunya da wari. Ga hunturu ya shigo, kun san sanyin Zariya, shi kuma babu gashin da zai kare shi. Da safe sai in tarar da shi a duƙunƙune yana karkarwa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Sai kuma ƙananan yarana biyu, masu yawan rungumarsa, suka fara susar hannuwa da ciki.

Shawarwari sun zo da yawa, kuma na gode wa kowa, domin na san da kyakkyawar niyya aka ba da su. Mafi yawa sun ce a shafe shi da baƙin man mota. Wasu sun ce a tsarma fiya-fiya a ruwa a yi masa wanka. Wasu kuma sun ce in ɗauke shi in kai daji in yar kafin ya ƙarasa mini yara. Ban ji haushin masu wannan magana ba, tsoron da suke ji mini na gaskiya ne. Amma godiyata ta farko tana wajen wata 'yata, ɗalibar likitancin dabbobi, wadda ban taɓa gani da ido ba. Ta turo mini saƙo cikin dare ta ce: "Baba, don Allah kada a shafa masa komai tukuna. Fatarsa a buɗe take, duk abin da aka zuba zai shiga jikinsa. A kai shi a kankaro fatar a duba." Ita ce ta kwatanta mini likitan da ya duba shi. 'Yata, Allah Ya ba ki sa'ar karatu, Ya sa ki gama lafiya.

Sai ɗan'uwana mai adaidaita sahu. Masu keke da dama sun tsaya, da sun leƙa kwali sun ga abin da ke ciki sai su ja abinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Shi ya ce mini, "Alhaji, shimfiɗa buhu a ƙasa mu tafi, ai rai ne." Ya jira mu har muka gama, bai ƙara ko sisi a kan kuɗin da muka yi da shi ba.

Likita kuwa, ban san da wane baki zan gode maka ba. Abin da ya fi burge ni, bai yi gaggawar zaro allura ba. Ya sa safar hannu, ya yi tambayoyi: shekarun uwar, ko ita ma tana susa, me yake ci, ko an ba shi maganin tsutsar ciki, ko akwai mutumin gida da ke susa. Da na ambaci yara sai ya gyaɗa kai. Ya kama gefen kunnen Duna ya murza tsakanin yatsunsa biyu, nan take ƙafar baya ta shiga harbin iska ita kaɗai, tana neman wurin sosawa. Ya ce wannan alama ce da ake yawan gani a ƙazuwar kare. Duk da haka ya ce sai ya gani da idonsa. Ya ɗiga ɗan mai a gefen kunnen da gwiwa, ya kankare da reza har jini ya ɗan tsattsafo, ya shafa a gilashi ya sa a madubin likita. Ya daɗe yana juyawa, ya sake kankaro wani wurin, domin ya ce ƙwaron ba shi da yawa a jiki, sau da yawa a nema a rasa alhali yana nan. Can sai ya ce, "Alhaji, zo ka ga mai laifin." Na sa ido. Wani ɗan dunƙulallen abu ne mai gajerun ƙafafu, yana motsi a hankali. Wannan ɗan abin da ido ba ya gani shi ya hana gidana barci.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma zan maimaita yadda na fahimta domin masu irin matsalata. Ƙwaron ɗan uwan kaska ne, babbansa ƙafa 8 gare shi. Macen ce take haƙa rami a cikin fata tana zuba ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa babba mako 2 zuwa 3 ne. Wannan tsananin ƙaiƙayin jiki ne ke faɗa da ƙwaron da kashinsa, shi ya sa ƙwari kaɗan ke iya haukata kare da susa. Yana son inda gashi bai da yawa: gefen kunne, gwiwa, agara, ciki. Yana yaɗuwa daga kare zuwa kare, kuma yana hawa jikin mutum ya sa ƙuraje, sai dai ba ya daɗewa a jikinmu, idan an magance na karen yawanci na mutum yakan mutu da kansa.

Ya ce zubar gashi a kwikwiyo ba iri ɗaya ba ce, kuma dalilin kankarar fatar ke nan. Akwai wani ƙwaron daban, dogo siriri, da ke zaune a ramin gashi. Kwikwiyo daga uwarsa yake samunsa a kwanakin farko na shan nono, kusan kowane kare yana da shi, ba ya fitowa fili sai garkuwar jiki ta yi rauni. Shi yakan fara ne a zagayen ido da baki da ƙafafun gaba, da farko ba ya cika ƙaiƙayi, kuma ba ya kama mutane. Akwai makero, mai fili zagayayye, wanda ba ƙwaro ba ne, maganinsa daban, shi kuma yana kama yara sosai. Akwai karen da cizon ƙuma kaɗai ke sa ya tsige gindin wutsiyarsa. A ido duk kare ne mai zubar gashi, amma wanda ya ba da maganin wannan a kan wancan ya yi asarar kuɗi, cuta kuma tana ci gaba.

Da na faɗa masa shawarar baƙin mai da fiya-fiya, fuskarsa ta canza. Ya ce baƙin mai yana ɗauke da dattin inji da guba, yana ƙona fatar da ta riga ta tsage, kare kuma dole ya lashe jikinsa ya haɗiye. Fiya-fiya kuwa ta fata ma yana shiga jini, sai dalala da karkarwa da shiɗewa, ƙaramin kwikwiyo ba ya jurewa, kuma haɗari ne ga mai yin wankan da yaran gida. Ya ƙara da cewa kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin su farasitamol da ibufurofen, suna iya lalata masa hanta da ƙoda. Ina roƙon 'yan uwa da suka ba ni waccan shawara su karɓi wannan daga gare ni da zuciya ɗaya. Na san haka muka taso muka ga ana yi, amma a bari.

Maganin da ya yi masa allurar ivermectin ce, wadda makiyaya suka sani. A nan ma ya ja kunnena sosai. Ana auna ta ne da nauyin dabba, kuma abin da za a yi wa sa ko akuya idan aka kwatanta da ido aka yi wa kwikwiyo yana iya kashe shi. Ba a yi wa jarirai ƙanana, akwai kuma wasu jinsunan karnukan Turawa da ba sa ɗaukarta sam. Ba a yin ta sau ɗaya a ce an gama, domin ba ta kashe ƙwai, sai an maimaita a kan lokaci har waɗanda suka ƙyanƙyashe su ma su mutu. Ya ce akwai sababbin ƙwayoyi na taunawa masu aiki sosai, sai dai tsada, muka zaɓi abin da aljihu zai iya. Ya haɗa da maganin gyambunan da suka yi mugunya, da sabulun wanka na karnuka, da maganin tsutsar ciki. Sannan ya ce dole a haɗa da uwar ko da ba ta nuna alama ba, in ba haka ba za su yi ta mayar wa juna.

Mataimakinsa ne ya riƙa zuwa gona yana ƙarasa alluran, kuma shi ma yana da kaso babba a wannan godiya. Duk zuwan da zai yi sai ya sake auna Duna. Mukan sa shi a buhu, kai a waje, mu rataya a sikelin da muke auna abincin kaji. Ranar da allurar sikelin ta fara hawa maimakon sauka, ni da shi muka kalli juna muka yi hamdala. A makon farko susar ba ta ragu ba, hankalina ya tashi, shi ne ya kwantar mini da shi, ya ce haka take yi, a yi haƙuri a ci gaba. Gashi kuma ya ce shi ne ƙarshen dawowa, kuma haka aka yi.

Uwargida, ke kin san abin da kika yi. Ita ta ƙone tsofaffin buhunan da yake kwana a kai, ta tafasa tsummokara da zanen gadon yara ta shanya a rana. Ita ta yanke hannun tsohuwar rigar sanyi ta huda wa ƙafafu wuri ta sa masa. Da likita ya ce ragowar tuwo da dusa kaɗai ba sa gina kwikwiyo, kuma a daina ba shi miyar da albasa ta yi yawa domin tana cutar da jinin kare, ita ta ware masa dafaffen ƙwai da garin busasshen kifi kullum. Babban ɗana shi ke riƙe shi a wajen wanka da tsakar rana, lokacin da sanyi ya sauka. Ƙananan kuma sun yi haƙurin da ban zata ba, aka hana su taɓa abokinsu har likita ya ba da izini. Na gode wa ma'aikaciyar jinya ta asibitin unguwarmu da ta duba su, ta ba su man shafawa, ba ta kuma yi mana kallon banza ba da ta ji daga inda ƙurajen suka fito.

Akwai maganar da ta fi damuna fiye da kuɗin magani, ita ce masu cewa Musulmi da hankalinsa yana kashe kuɗi a kan kare. Na kai wa limamin masallacinmu. Malam ya ce riƙe kare domin tsaron dabbobi da gona ko farauta halal ne, a dai kiyaye tsafta, a ware masa kwanonsa. Ya tuna mini da hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Ya ce dabbar da ka ajiye tana maka aiki, ciyar da ita da jinyarta haƙƙi ne a wuyanka. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, da maganarsa na samu natsuwar ci gaba.

Abin da ya rage mana yanzu rigakafin ciwon haukan kare. Daga wata 3 ake fara yi, amma likita ya ɗage na Duna har ya murmure, domin ba a son yi wa dabba rigakafi tana cikin ciwo. An sa mana rana a mako mai zuwa, shi da uwarsa. Ya ce in isar wa duk mai kare cewa kada ya yi wasa da wannan allura, domin cutar idan ta bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi, kuma wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya wuce asibiti a ranar. Ko a nan ƙasar ana sarrafa allurar rigakafin karnukan a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato.

Mutane da dama sun turo mini hotunan karnukansu suna tambayar sunan magani da yawan da za a yi. Ku yi haƙuri, ba zan faɗi awo ba, ni manomi ne, kuma na ga da idona cewa sai an duba ake sanin wace cuta ce. Wanda ke kusa da Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Akwai irinsa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha a manyan garuruwa. Wanda yake yankinmu kuma abin hawa ya gagare shi, ya yi mini magana, zan haɗa shi da mai adaidaitar nan, ya ce a shirye yake.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya raba ku da ciwo, ku da iyalanku da dabbobinku. Amin.