Ranar da sakata ta ƙi kwanciya

Lahadi, da dare.

Yinin yau kaf a kan harsasai goma sha ɗaya ya ƙare. Cikin hamsin na samfurin .308 Winchester da na ɗura da hannu, su ne suka ƙi zama a mazauninsu, wato gurbin harsashi a cikin bindiga. Sakatar bindigar, mai tura harsashi ta kulle shi, tana tafiya sumul har ƙarshe, sai an zo kwantar da hannunta ta cije. Irin wannan ba a sa mata ƙarfi. Ko harsashin ya maƙale a ciki da albarushinsa, ko kuma, in bakin kwanson tagullar ne ya shaƙe ƙwayar da ke fita idan an harba, ya tashi da matsin da ya wuce kima.

Na fara da cire allurar da ke cikin sakata, mai dukan gindin harsashi ya tashi, domin ba a gwajin harsashi mai rai da ita a ciki, sannan na goge mazaunin tas. Abubuwa masu sauƙi na bi da sauri. Iyakar tsawon kwanson .308 inci 2.015 ne, babu wanda ya haura. Tsawon harsashi gaba ɗaya 2.800, ƙasa da iyakar 2.810. Firaima, masu kunna albarushi a gindin kwanso, duk sun nutse ƙasa da gindi, yatsa ma ya shaida. Na shafa wa ƙwaya baƙar maka, alƙalamin tawada, na gwada, ba ta fito da sawun tsagin bututu ba, ke nan ba ita ke tokarewa ba.

Da na shafe kwanson duka da maka, sai magana ta fito. Tara sun dawo da zobe mai sheƙi a kan kafaɗa, wurin da kwanso ke tsukewa zuwa wuya, daidai inda tawadar ta goge.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don suna zaton duk kwanson da ya shiga ƙarfen matsi, mai mayar da kwanson da aka harba girmansa na asali, ya ragu ke nan. Ba haka ba ne. In ƙarfen ya matse jikin kwanso, tagullar sama take gudu, kafaɗa ta matso gaba, sai a can ƙarshen bugu ne ƙarfen ke taɓa ta ya mayar da ita baya. Kwanson da bai kai ƙarshen nan ba, sai ya fi wanda aka harba tsawo. Na auna daga gindi zuwa tsakiyar kafaɗa, wurin da faɗinta yake 0.400: taran nan sun ɗara kwanson da ya fito daga bindigar da 0.003. Kaurin gashin kai ke nan, amma ya isa ya hana sakata kwanciya.

Dalilin yana jikin injin da ke tura kwanso cikin ƙarfen matsi. In babu kwanso, ƙarfen matsi da mariƙin gindin kwanso suna haɗuwa cif. Da na sa kwanso na haska tocila ta baya, sai ga siririn haske a tsakaninsu, saboda inji yana ɗan buɗewa in nauyi ya hau shi. To me ya sa tara kawai? Tsofaffi ne, an harba su sau biyar, tagullarsu ta yi tauri, in an matsa sai ta ɗan dawo.

Gyaran yana son haƙuri. Zaren murza ƙarfen 14 ne a kowane inci, zagaye ɗaya ya kai 0.071, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kusan 0.009. Abin da ake nema kuwa kafaɗa ta koma baya da 0.002 kacal a bindiga mai sakatar hannu, 0.003 zuwa 0.004 a mai ɗura kanta. Don haka kaɗan-kaɗan ake murzawa, a matsa, a auna, a gwada kwanson fanko. Wanda ya zarce, kwanso zai riƙa miƙewa duk harbi har wata rana ya tsinke daga gindi. A kuma shafa ɗan mai a cikin wuya, in ba haka ba ƙwallon buɗa wuya da ke cikin ƙarfen kan janyo kafaɗar gaba a hanyar fita, aiki ya koma baya.

Sauran biyun ciwonsu daban. Ɗan kumburi ne ƙasa da kafaɗa, ido bai cika ganinsa ba, farce ne ke jinsa. Su ne mafiya tsawo, 2.014, ƙarfen dasa ƙwaya kuma ya sauka da yawa, sai zoben ɗaure baki da ke cikinsa ya kama su tun ƙwaya ba ta gama shiga ba, kafaɗa ta lotsa. Na ɗaga ƙarfen zagaye ɗaya, na daidaita zurfin ƙwaya da sandar sama kaɗai.

Harsashin da ke ɗure ba a mayar da shi ƙarfen matsi. Duka sha ɗayan na zare musu ƙwaya, na juye albarushi. Biyun masu kumburi na matse bakinsu da filaya na jefar. Taran na sake matsawa, na datse su zuwa 2.005, na kankare bakin ciki da waje, kowanne sakata ta rufe a kansa da yatsa biyu. Na zuba su a akwati daban, na rubuta 5 a murfin, yawan harbin da aka yi da su.