Watannin da na yi ina ƙirga jiragen da ba su faɗo ba

Lokacin da na je neman batun kundin kammala karatuna a sashen tarihi, yaƙin Burma na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne a raina. Tun ina yaro nake jin labarin tsofaffin sojan da suka je can, kuma waɗanda kowa ya sani su ne runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, masu ratsa kurmi da kaya a ka. Malamina ya ce wannan gonar an sha noma ta. Ya ce in duba 'yan igwar kakkabo jiragen sama, waɗanda Turawan Ingila suka kafa wa rundunoni a Afirka ta Yamma. Na amsa, amma raina bai so ba.

Asalin kafa su tsoro ne. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus, kuma sabuwar gwamnatin Faransa da ake kira Vichy, mai ɗasawa da Hitila, ta riƙe Dakar da Gini da Nijar. A Satumba na wannan shekarar Ingila da Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, suka kai wa Dakar farmaki, suka dawo ba nasara. To ga Freetown ta Saliyo, inda jiragen ruwa ke taruwa kafin su tashi ayari ɗaya, ga Konakiri ta Gini kusa da ita, jiragen leƙen asirin Vichy kuma suna shawagi a saman Freetown ɗin. A 1941 aka kafa rundunar manyan igwa ta farko a can, hafsoshi da sajoji Turawa, masu aikin igwar kuwa 'yan Afirka.

Ba Freetown kaɗai ke buƙatar tsaro ba. A Takoradi, a Ghana ta yau, ake harhaɗa jiragen yaƙin da aka kawo cikin akwatuna, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Khartoum, har Alƙahira. Wanda ke ganin tsoron ya yi yawa, ya tuna Janairu 1942, lokacin da jirgin Jamus guda ɗaya ya ƙetaro Sahara daga Libiya, ya zuba bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, N'Djamena ta Chadi a yau, ya ƙone man jirage mai yawa.

Kuskurena na farko shi ne tambayar da na shiga da ita: jirage nawa suka harbo? Na samu hotunan shafukan littafin da runduna ke rubuta abin da ya faru kullum, na ja layi a takarda, na buɗe gurbin ƙirga. Mako ya bi mako gurbin na nan kusan fayau. Abin da ke cike da shafukan shi ne atisaye, gyaran ramin igwa bayan ruwan sama, duba kayan aiki, masu kwance da zazzaɓin cizon sauro. Na koma wurin malamina na ce, "Malam, mutanen nan ba su yi yaƙi ba, zama kawai suka yi."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Kai, mai gadin kasuwar da ya shekara goma ba a fasa rumfa ko ɗaya ba, ɓarayi nawa za ka rubuta ya kama?" Sai ya ce in ajiye ƙirga, in je in koyi yadda igwar take aiki tukuna.

Nan ne karatun ya juya. Igwar mai bakin inci 3.7 ce, harsashinta ya kusa kilo 13. Ba jikin jirgi ake nufa da shi ba, domin kafin ya isa jirgin ya wuce. Wurin da jirgin zai kasance nan da 'yan daƙiƙoƙi ake harba wa, a saita harsashin ya fashe a can, ɓaraguzansa su watsu. Wasu na kan na'urar auna tsawon da jirgin yake, wasu na kan na'urar lissafi suna bin sa da ido ba ƙyaftawa. Lissafin ya bi waya ya iso igwa, mutum ɗaya yana murza ta dama da hagu, wani yana ɗaga bakinta, kowannensu yana daidaita allurarsa da wadda ke motsi a gabansa. Wani ya saita lokacin fashewa, wasu su cusa harsashi. Mutum ɗaya ya makara da daƙiƙa biyu, aikin kowa ya tafi a iska. Kuma umarni da Turanci ake bayarwa, ga samarin da da yawansu a bariki suka fara jin harshen. Sai na gane atisayen da na raina shi ne aikin kansa. Matuƙin da ya san akwai igwa a ƙasa sai ya ƙara sama, bam ɗinsa ya kauce, ko ya fasa zuwa gaba ɗaya, wannan kuwa ba shi da gurbi a takardata.

Bayan Amurka da Ingila sun sauka a Arewacin Afirka a Nuwamba 1942, yankunan Faransa na Afirka ta Yamma suka koma ɓangarensu, barazanar ta kau. A 1943 aka kwashi birged ta 14 ta 'yan igwar zuwa Indiya. Cikin aikinsu har da tsaron filayen jirage na yankin Assam, inda jiragen Amurka ke tashi da kaya su haye duwatsun Himalaya zuwa ƙasar Sin, tunda Japan ta datse hanyar mota ta Burma. Wani jiran ne kuma, cikin damina mai nauyi, nesa da gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunaye. Hafsa Bature in ya tafi hutu ko ya kwanta asibiti, da sunansa ake rubutawa. Masu murza igwar kuwa adadi ne, a ƙarƙashin wasu haruffa uku na Turanci masu nufin sauran sojoji 'yan Afirka. Sai da na sake karanta babina na farko na ga ni ma haka na yi: sunayen Turawa bakwai, namu ko ɗaya babu. Na yage babin, na fita neman iyalai.

Wani dattijo da aka haɗa ni da shi, mahaifinsa ya yi aikin igwa a Indiya. Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara, ya zazzage a kan tabarma: lambar tauraron Burma da ƙyallenta ya koɗe, da takardar sallama da ta kusa rabuwa a wurin ninki. Da a da ne, da na tambaye shi ko tsohon ya taɓa harbo jirgi. Na ce, "Baba, me ya fi yawan ba ku labari a kai?" Ya yi shiru, sannan ya ce ruwan sama, da nauyin harsashi a kafaɗa. Ya ce kunnen tsohon na hagu bai ƙara ji sosai ba har ya rasu, amma ko suna tsakiyar cin tuwo, in jirgi ya taso daga nesa, shi ke fara ɗaga kai kafin kowa a gidan ya ji ƙararsa. Na nemi izini na kwafi sunan da lambar sojansa, na sa su a shafin farko na sabon babin.