Ƙyallaye Tara Kafin Tsuntsu Ɗaya Ya Zauna Daidai

'Yan'uwana masu koyon surfani da keken kwamfuta, ina yi muku fatan alheri. Yau mako shida ke nan ina fama da aiki guda, wato tsuntsu a kan reshe da nake son in ɗinka a rigar matashin kai ta farin yadin auduga, da rubutun "Barci mai daɗi" a ƙarƙashinsa, kuma sai daren jiya na cire yadin daga zoben da ke riƙe shi a keke ban ji kunyar nuna shi ba. Kafin in kai ga haka na ɓata ƙyallaye tara. Ban zubar da ko ɗaya ba, duk suna nan a gabana da lamba a gefen kowanne, kuma da su zan ba ku labarin, domin na lura yawancinmu muna nuna wa juna aikin da ya yi kyau ne kawai, muna ɓoye waɗanda suka lalace, alhali a jikin lalatattun ake gane inda matsala take.

Ni na zana tsuntsun a takarda, sai wata 'yar'uwa da ta riga ni nisa a wannan sana'a ta mayar mini da shi fayil ɗin PES, wanda shi ne irin da kekunan Brother suke karantawa, kamar yadda na Janome suke karanta JEF, na Tajima kuma DST. Ta yi shi da faɗin milimita 120, launi biyar, ɗinki wajen 14,000, saboda zobenta babba ne, mai milimita 130 da 180. Nawa zoben kuwa mai 100 da 100 ne, don haka na matse zanen a allon keken har ya dawo milimita 95, na ga ya shige, na yi murna. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo gare shi.

Ƙyalle na farko bai kai minti biyu a kan keke ba. Allura ta yi 'yan soke-soke, sai na ji wata ƙara maras daɗi, zoben ya ƙi motsi, da na leƙa ƙasa na tarar da zare ya cukurkuɗe ya yi dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Tun da a ƙasa dunƙulen yake, sai na ɗora laifin a kan kwarkwaro, wato abin da ke ɗauke da zaren ƙasa: na cire shi, na sake naɗa zare, na goge gidansa, na kwana biyu ina zarginsa. Ashe zaren sama ne duk ya taru a wurin. Na zura zaren ne alhali ƙafar keken, wato ƙarfen da ke danne yadi a wurin allura, tana ƙasa, kuma idan ƙafar tana ƙasa faya-fayan da ke matse zare a rufe suke, saboda haka zaren ya bi ta gefensu bai shiga tsakaninsu ba, ya sauko sakaka babu abin da ke riƙe shi. Da na ɗaga ƙafar na sake zurawa, matsalar ba ta ƙara dawowa ba.

Na biyu ya ɗinku har ƙarshe, kuma yana cikin zobe ya yi kyau ƙwarai, amma ina sassauta zoben sai yadin da ke kewaye da tsuntsun ya tattare, ya yi ƙananan tudu da kwari waɗanda dutsen guga bai iya kwantar da su ba. A nan na tafka kuskuren da ya fi cin mini lokaci. Don gaggawar ganin gyara, a ƙyalle na uku na canza abubuwa uku a lokaci ɗaya: na sa sabuwar allura, na rage tsaurin zaren sama, na kuma ninka takardar da ake shimfiɗawa a bayan yadi. Aikin ya ɗan fi na baya, amma da na zauna in rubuta dalili a littafina sai na rasa abin rubutawa, domin ban san wanne daga cikin ukun ya taimaka ba, ban kuma sani ba ko ɗaya ya gyara ne ɗaya ya ɓata. Na kashe zare da yadi da fiye da rabin awa, ban ƙaru da komai ba. Tun daga ranar na ɗora wa kaina doka cewa abu ɗaya tak zan riƙa canzawa a kowane gwaji, in rubuta shi da biro a gefen ƙyallen kafin in danna maɓalli, ko da zuciyata tana raya mini cewa na riga na san amsar.

Na mayar da komai yadda yake a ƙyalle na biyu, sannan a na huɗu na canza takardar baya kaɗai. Takardar nan iri-iri ce: akwai wadda ake yagewa da hannu bayan an gama, akwai wadda sai an sa almakashi an datse gefenta a bar sauran a jikin aikin har abada, akwai kuma mai narkewa a ruwa. Da ta yagewa na fara saboda ta fi sauƙin cirewa, ban yi tunanin cewa takardar da hannu ke iya yagewa, allura ma za ta iya ba. Idan allura ta soke ta sau dubbai a ɗan ƙaramin fili, tana hudawa ne kamar layin ramukan da ake yi wa takarda don a yage ta cikin sauƙi, kafin keke ya kai rabin jikin tsuntsun ta riga ta rabu, yadin ya rage shi kaɗai yana kokawa da zare. Da na sa wadda ake datsewa, tattarewar ta ragu da kusan rabi a ganin idona.

Sauran rabin kuwa daga hannuna yake. Na sha jin ana cewa yadi ya ɗame a zobe kamar fatar ganga, ni kuma na ɗauki maganar da ƙarfi fiye da kima: sai in ɗaure zoben, sannan in bi gefe-gefe ina jan yadin har sai ya yi tauri. Yadin da aka ja ya miƙe fiye da asalinsa, aka ɗinke shi a haka, to da zarar an sake shi zai nemi komawa yadda yake, wurin da zare ya riƙe ba zai iya komawa ba, kewayensa kuma zai koma, daga nan tattarewa take fitowa. A ƙyalle na biyar na daidaita sukurun zoben tun kafin in sa yadi, na shimfiɗa takarda da yadi a kan tebur, na danna zoben ciki sau ɗaya, ban ƙara taɓa gefen yadin ba. Na duba zaren saƙar yadin na ga sun miƙe tsaye da kwance ba su karkace ba, wanda shi ne ainihin abin da ya kamata a duba.

Duk da haka jikin tsuntsun ya fito da tauri kamar kwali, zare ya tsinke sau huɗu a wurin fiffike, kuma baƙin layin da ya kamata ya zagaye jikin ya bar wata siririyar tazara a ƙirji inda farin yadi yake leƙowa. Nan ne na koma kan matsewar da na yi wa zanen tun ranar farko. Fayil ɗin surfani ba hoto ba ne, jerin wuraren da allura za ta soka ne ɗaya bayan ɗaya, kuma kekena idan ya rage girman zane ba ya rage yawan ɗinkin, matso da su kusa da juna kawai yake yi. An tsara layukan cikon da tazarar milimita 0.4, wadda ita ce aka saba yi da zare mai kaurin lamba 40. Da na mayar da 120 zuwa 95, tazarar ta koma kusan 0.32, ɗinki 14,000 kuma suka cushe a filin da bai kai kashi biyu cikin uku na asalinsa ba. Ba mamaki zare ya riƙa tsinkewa, tun da allura tana sauka ne a kan zaren da ya riga ya kwanta.

Ban so in sake damun wadda ta yi mini na farko ba, saboda haka na zauna na koyi Ink/Stitch, wani ƙari na kyauta da ake ɗorawa a kan manhajar zane ta Inkscape, na sake tsara tsuntsun daga zanena na takarda a daidai girman da nake so. Wannan ya ci mini mako biyu cur, kuma ba zan ce na ji daɗinsu ba, amma a cikinsu na fahimci abin da ya haddasa tazarar ƙirjin. Zare yana jan yadi ta fuskar da ɗinkin yake tafiya, sai siffar ta ɗan tsuke ta wannan ɓangaren, ta ɗan bazu ta ɗaya ɓangaren. Abin da ke allon kwamfuta da'ira ce cikakkiya, a kan yadi sai ya fito kamar ƙwai. Maganinsa shi ne a ƙara wa siffar ɗan faɗi da gangan ta fuskar da zare zai ja, a kuma fara da wani ɗinki mai faɗin tazara a ƙarƙashi, wanda ke haɗe yadi da takarda kafin cikon gaske ya hau. A ƙyalle na shida na sa ɗinkin ƙarƙashin kaɗai, tazarar ta ragu. A na bakwai na ƙara faɗin milimita 0.3, ta rufe. Jimillar ɗinkin ta sauko ƙasa da 10,000, tsuntsun ya yi laushi yana lanƙwasuwa tare da yadi, zare kuma bai tsinke ko sau ɗaya ba.

Batun tsaurin zare, wanda na fara taɓawa tun ƙyalle na uku, ashe bai buƙaci komai ba. Na juya bayan reshen, wanda aka yi da ɗinkin satin mai kai da komo daga gefe zuwa gefe, na ga farin zaren kwarkwaro ya kwanta a tsakiya ya ci kusan sulusin faɗin, zaren sama kuma ya leƙo ta gefe biyu, haka kuwa ake so. Allurar ma mai lamba 75/11 ce tun farko, ta dace da yadin da zaren.

Rubutun ya zo da tasa rigimar. Haruffan da ke cikin keken ba su da ɗ mai lanƙwasa, kuma ban yarda in rubuta "dadi" a kan abin da na sha wahalarsa haka ba, don haka na zana lanƙwasar da kaina na liƙa a kan harafin. Na fara yin haruffan da tsayin milimita 4, sai cikin haruffan "a" da "d" ya toshe, suka zama ɗige-ɗigen zare da ba sa karantuwa, lanƙwasar da na wahala a kanta kuwa ta ɓace gaba ɗaya. Zare mai lamba 40 yana da kaurin da ba zai iya zagaya rami ƙarami haka ya bar shi a buɗe ba. Na ɗaga tsayin zuwa milimita 7, na rage gudun keken zuwa ɗinki 400 a minti idan ya iso wurin rubutun, a ƙyalle na takwas kowane harafi ya tsaya da ƙafarsa.

Na takwas ɗin nan na ɗauka shi ne na ƙarshe, har na ɗauko rigar matashin zan sa a zobe, sai wani tunani ya zo mini cewa abin da za a riƙa kwana a kai dole a riƙa wanke shi. Na wanke ƙyallen da ruwan ɗumi na shanya, da ya bushe sai ga tattarewar nan da na yi zaton na rabu da ita ta dawo. Sabon yadin auduga yana shiga idan ya ji ruwa a karon farko, zaren foliyesta da takardar baya kuwa ba sa shiga tare da shi, don haka yadin ya tsuke ya bar tsuntsun a girmansa. A na tara na wanke yadin na goge shi tun kafin in ɗinka, na sake wanke shi bayan ɗinki har sau biyu, ya fito a shimfiɗe. Da ban yi wannan gwajin ba, da rigar matashin ce da kanta za ta nuna mini, bayan na riga na ba da ita kyauta.

Aikin na gaske ya ɗauki minti 25 har da canjin launuka, kuma ban tashi daga gaban keken ba har ya tsaya. Bai fita babu aibi ba: a ƙarshen jelar akwai wurin da baƙin layi ya ɗan hau kan shuɗi, wanda nake zargin faɗin da na ƙara ya yi wa wannan siririn wurin yawa, sannan na datse takardar baya kusa da ɗinki fiye da yadda ya kamata a gefe ɗaya, ya kamata a ce na bar mata kamar rabin santimita.

Abin da ke gabana yanzu shi ne in ɗora wannan tsuntsun a kan tawul, inda gashin yadin yake haɗiye ɗinki idan ba a shimfiɗa takarda mai narkewa a ruwa a samansa ba. Na yanka tsohon tawul gida shida, na wanke su, na liƙa wa kowanne 'yar takardar lamba tun da biro ba ya kama jikinsa, kuma a na farkon ba zan canza komai daga tsarin ƙyalle na tara ba sai wannan takardar ta sama.