Wasiƙa daga Jamus: Kafin ku miƙa wa 'yan jari-bola kwalin ƙarƙashin gado

Assalamu alaikum mutanen Birnin Kebbi da kewaye. Ina gaida manya da yara, ya gida, ya hunturu. Gaisuwar ta tsaya nan, don in na ce sai na bi Makera da Rafin Atiku da Badariya gida-gida, dare zai yi ban faɗi abin da ya zaunar da ni ba.

Tun ranar da na sa hoton nan a Facebook, wanda nake tsaye gaban akwatin gilashi da tsohuwar na'urar gem a ciki, wayata ba ta huta ba. Tambaya ɗaya ake ta juyawa kamar waina a tanda: wai da gaske ne Turawa na sayen tsohon kaset ɗin gem da miliyoyi? Ƙanena har ya tono wani kaset ruwan ɗorawa a ɗakin Inna, ya turo hotonsa, wai "Yaya, nemo mai saye mu raba." Wasu kuma na tambayar abinci, da yadda ake azumi a nan, ga maganar aure da Gwaggo ba ta gajiya da ita. Duk zan taɓo su in Allah ya yarda.

Sanyi ne ya kai ni wurin da na ɗauki hoton, ba son tarihi ba. Wanda ke ganin ya san sanyi don ya taɓa kwana bakin gulbi a Argungu, ya yi haƙuri, ko gaisawa ba su yi ba tukuna. A Berlin cikin Disamba rana ba ta leƙowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu kuma ta tattara ta tafi. Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Riga huɗu nake jerawa, da safar hannu, da hular da ke rufe kunne, duk da haka yatsun ƙafata sai na tambaye su ko suna nan. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, babu majalisa, babu mai shayi, babu wanda zai ce maka sannu. Ina tafe a titin Karl-Marx-Allee na ga wani gida mai fitilu da ɗumi, na biya na shiga. Ashe gidan tarihin wasannin kwamfuta ne, Computerspielemuseum.

Gani ya kori ji. Ga Pong na 1972, sanda biyu da ɗigo ɗaya, shi ke nan wasan. Ga Poly-Play, akwatin gem da tsohuwar Jamus ta Gabas ta ƙera wa 'ya'yanta a shekarun 1980. Sai ga su Nintendo da Sega a jere, kowanne da fitilarsa da takardar bayaninsa, yadda ake jera kayan yaƙi a gidan tarihi na Kanta. Na tsaya ina dariya ni kaɗai. Abin da Baba ya sha karya min tsumagiya a baya saboda shi, abin da ya sa malamin Islamiyya ya san sunana tun kafin na iya Tabbat Yada, shi ne dattijai masu furfura ke kawo jikokinsu su gani.

To, maganar miliyoyi. Gaskiya ce, amma ba tamu ba ce. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon kaset ɗin Super Mario 64 a Amurka kan dala miliyan 1.56. Sai dai kaset ne da ba a taɓa ɓare ledarsa ba tun da ya fito a 1996. Wane yaro ne a garinmu zai samu kaset ya ajiye shi shekara ashirin da biyar bai buɗe ba? Kuma na ɗakin Inna, ƙanena, ganin kitse kake wa rogo. Waɗannan masu rubutun 9999999 a goshi ba Nintendo ya yi su ba, kwaikwayo ne na kaset ɗin Famicom, na'urar da kamfanin ya fitar a Japan a 1983. Kun tuna yadda muke danna lamba ta ɗari bakwai da wani abu da zumuɗi, sai mu tarar da tankar yaƙin nan ta Battle City ce dai aka sauya wa launi? Wasa shida ko bakwai ne ke zagayawa. Amma wanda ke da Sega Mega Drive ta asali, ko Game Boy, ko PlayStation ta farko da hannayenta, kada ya bari a ɗora ta a sikeli a biya shi kuɗin ƙarfe. A kasuwar gwanjo ta Mauerpark da ke ci ranar Lahadi na ga ana ɗaga irinsu da hannu biyu kamar ƙwai.

Daga nan fa abin ya shiga raina, na yi odar Famicom ta gaske daga Japan ta intanet, ja da fari, mai hannaye biyu da ba a cire su daga jiki. Nan na shiga uku. Maimakon kaya, wasiƙa ta zo. A ƙasar nan komai wasiƙa ne, in za a ce maka an aiko maka wasiƙa ma sai an rubuto wasiƙa. Aka ce in je wani ofishi a ƙarshen gari in fanshi kayana. Jirgin ƙasa biyu da bas ɗaya, cikin iskar da ke yanka kunne. Na ciri lamba, na zauna awa ɗaya da rabi. Da layi ya zo kaina, matar ta ce ina rasit? Na nuna mata a waya. Ta ce a takarda take so. Na koma gida. Washegari na zo da rasit a takarda, wani mutum na tarar, ya ce ina shaidar cewa kuɗin sun fita daga asusuna? Na sake komawa. Rana ta uku aka miƙo min wuƙa aka ce in buɗe kwalin da hannuna a gabansu. Mutumin ya juya na'urar, ya dube ni, ya tambaya ko sayarwa zan yi. Na ce wasa zan yi da ita. Ya ce shekarata nawa. Wannan tambayar dai babu ita a fom, na lura. Aka lissafa harajin kashi 19 cikin 100, har da kuɗin dakon a ciki, na biya, aka buga hatimi uku. Ban ce ba su da gaskiya ba, ko sisi ba wanda ya nema a bayan fage, kuma kowace takarda da suka tambaya tana rubuce a wasiƙar farko, da Jamusancin da na karanta rabi na bar rabi. Mai shirin zuwa nan ya sayi babban fayil tun daga gida, ya koyi ajiye ko rasit ɗin burodi.

Sauri ya haifi nawa. Ina isa ɗaki, ko rigar sanyi ban cire ba, na nemo abin da zai haɗa bakin adaftar da soket na cusa. Ƙara ɗaya, ɗan hayaƙi, sai wari. Wutar Japan bolt 100 ce, ta nan 230. Da a gida ne, sai in ɗauka in kai wa mai gyaran rediyon nan na bakin kasuwa, ya shinshina, ya taɓa da dalma, ya ce in dawo bayan La'asar. A nan ladan awa ɗaya na mai gyara ya fi kuɗin adaftar, sai da na jira sati biyu wata ta zo. Masu gyaranmu ba su san darajar hannunsu ba. Yaron da ya iya canza kafasito a tsohuwar na'ura, ya iya tsabtace idon PlayStation, sana'a ce a hannunsa da ake nema da kuɗi a nan.

Tun da an zo nan, ga abin da na koya. Hura kaset da baki da muke yi, har da tofi wani lokaci, tsatsa yake jawowa. Cirewa da mayarwa ne ke sa ya kama. Auduga da ɗan sifirit sun isa. A cire batur daga duk abin da za a ajiye. Talabijin mai ƙeya kuma, wadda kowa ya tura lungu tun zuwan filasma, a bar ta. Bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt ba ta aiki da sabbin talabijin. In ka ja kunama, allon yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, a haska farin gurbi inda agwagwar take, idon da ke bakin bindigar ya gani ko ya rasa. Sabbin talabijin suna ɗan jinkiri wajen nuna hoto, dabarar sai ta watse. Mu kuwa da muna manna bakin bindiga a jikin gilashi muna cewa mun iya harbi.

Abin da na fi jimawa ina tunani shi ne irin wasannin da muka sani da waɗanda suka wuce mu. Layi ne ya zaɓa mana. A gidan gem a wancan lokacin naira biyar kake biya, yara goma na numfashi a ƙeyarka, wanda aka cinye ya tashi. Dole wasan ya zama gajere: faɗa, ƙwallo, tsere. Street Fighter II na 1991, Mortal Kombat na 1992 da sirrin dannawarsa da ake rubutawa a bayan littafin lissafi, Road Rash da ake dukan juna a kan babur. Da Winning Eleven ta zo kuwa, bayan zinaren Atlanta na 1996, kowa Najeriya yake so, saboda a jefa wa Tijjani Babangida ƙwallo a gefe a ga mai kama shi. Mai sharhi na ihu da Japananci, mu ma muna maimaitawa ba mu san me muke cewa ba. Dogayen wasannin labari irin su Zelda da Final Fantasy, masu cin kwanaki, ko sunansu ba mu ji ba. Wa zai bar ka? Ko an bar ka, za a ɗauke wuta kana tsakiya.

Contra ma, wasan nan na sojoji masu harbi, na same shi a nan da wata fuska. Na tambayi wani abokin aikina Bajamushe, ya ce bai san shi ba, sai da na kwatanta ya ce ai Probotector nake nufi. A Turai an mayar da sojojin mutum-mutumi saboda tsaurin dokar Jamus kan nuna wa yara kisan mutane. Amma sirrin dannawar da ke ba da rai talatin ɗaya ne, sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A. Tare muka ƙarasa faɗarsa a wurin cin abinci, mutane na kallonmu.

Kada in manta da mata. Ba a barinsu zuwa gidan gem, amma 'yar ƙaramar Brick Game mai batur ta shiga har ƙuryar ɗaki. Tetris ce a ciki, wadda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Yayata tana jiran tuwo ya nuna tana jera bulo, kuma babu namiji a gidanmu da ya taɓa kamo makinta. Macijin Nokia 3310 kuwa, har Baba na kama yana yi bayan Isha, ya ce duba lokaci yake.

Yanzu ga Famicom a ɗakina, wuta ba ta ko ƙiftawa, babu mai cewa in tashi. Na kai ƙarshen Super Mario Bros. a karon farko a rayuwata, wasan da gaba ɗayansa kilobait 40 ne, bai kai hoto ɗaya na wayarku ba. Na waiga in yi wa wani kuri, sai hita ce kawai ke ƙara. Hannu na biyu yana nan a maƙale a gurbinsa, ko sau ɗaya ba a zare shi ba.

Abinci: akwai shagunan Turkawa da Larabawa, ana samun naman halal, shinkafar ce dai ba ta kama ƙafar tamu ba. Azumi sai wata wasiƙar. Gwaggo, na ji, ana addu'a.

Masu cewa za su aiko min kilishi, ku bari, ba a shigo da nama, ƙwacewa za a yi kuma wata wasiƙar ce za ta biyo baya. Yaji da kuka da daddawa sun wadatar. Kai kuma ƙanena, na san Inna za ta ce "mi za a yi da wannan tarkace?" Ka ce mata nawa ne. Ka sa kaset ɗin a leda ka ɗaure, ka ɗora kwalin a saman kabad inda damina ba ta kaiwa, sannan ka duba min ko bindigar nan mai fasasshen baki tana ciki.