Kutsen mashin a tsakanin motoci, da abin da masu mota ke faɗa

Duk wanda ya taɓa bin Wudil ranar Juma'a ya san yadda titin nan yake komawa in kasuwa ta cika, tirelolin shanu sun yi layi, Sharon da Golf na sauke fasinja duk inda suka ga dama, masu kura su ma suna neman tasu hanyar, to a nan ne za ka ga ɗan mashin ya sa kai tsakanin mota da mota ya sulale abinsa, kai kuma kana cikin mota zufa na keto maka. Haka Gujungu ranar Lahadi, haka Maigatari ranar Alhamis. Maganar kutsen nan ba ta ƙarewa a majalisarmu, musamman in masu son mota suka haɗu, irin mutanen nan da in sun wanke mota da safe sai sun ja da baya sun tsaya suna kallonta.

Kukansu na farko kam gaskiya ne. Yaro zai kurɗo ya goge maka fenti tun daga ƙofar baya har gaba, ko ya karya maka madubi, kafin ka buɗe ƙofa ya ɓace, in ma ya tsaya iyakarta yi haƙuri Alhaji, kafin ka ce wani abu abokan sana'arsa sun kewaye ka suna ba ka haƙuri irin wanda ba ka isa ka ƙi ba. Kuɗin mai fenti kuma daga aljihunka. Wannan ban musa ba.

Amma na biyun, wai kowa ya bi layi, don me wani zai riga ni wucewa alhali na riga shi zuwa, wannan ni dai haushi na ɗauke shi ba maganar kare rai ba. In duk mashinan da ke shiga Wudil ranar kasuwa suka jeru a bayan motoci kowanne ya ci gurbin mota guda, ai Alhaji sai ka yi la'asar a kan gada. Wasu kuma cewa suke a hana mashin ɗin gaba ɗaya kamar yadda aka yi a birni. Sun manta hana goyo da gwamnatin Kwankwaso ta yi a Janairun 2013 maganar tsaro ce, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, kuma cikin birnin Kano da kewayensa ne. A ƙauye Boxer ita ce motar kai mai naƙuda asibiti, ita ce ta kai taki gona, wa zai hana?

Abin da mai mota bai cika ganewa ba, tsayawa a layin ma haɗari ne ga mai mashin. Kana tsaye a bayan mota, Canter ta taho da lodin da ya fi ƙarfin birkinta, in Golf ta daka a baya sai a yi cacar baki a tafi wajen mai gyaran bodi, in mashin ta samu a tsakani kuwa sai dai innalillahi. Ga injin mashinan namu iska ce ke sanyaya shi, in ya daɗe a tsaye cikin ranar bazara zafi yake ɗauka.

Ba mu kaɗai ke wannan gardamar ba ma. A Ingila an yarda da kutsen, a Amurka kuma jihar Kalifoniya ta amince da shi a dokance a 2016. Kafin nan jami'ar Berkeley ta fitar da bincike a 2015, sun duba haɗarin mashin kusan 6,000, kusan 1,000 daga ciki suna cikin kutse abin ya same su. Suka ga masu kutsen ba a cika dukansu ta baya ba, raunin kai ma ya fi ƙaranci a cikinsu, amma fa da sharaɗi, motocin kar gudunsu ya wuce wajen kilomita 80 a awa, shi kuma mai mashin kar ya ɗara su da fiye da wajen kilomita 24. A jihar New South Wales ta Ostireliya tun 2014 aka halatta, su kuma suka ce kar ka wuce kilomita 30, kuma ba a yi ta gefen motocin da aka faka ko a wajen makaranta lokacin yara. Wato duk inda aka zauna aka duba, gudun ne matsalar.

Kuma lissafin ba wuya. Mashin da ke kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya, kafin ƙafarka ta kai birki ka wuce tsawon mota biyu, in ka ninka gudu kuma nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ƙaruwa. Yanzu ka tuna a wajenmu fasinja ba ya jira a kai tasha, ko a tsakiyar gosulo cewa zai yi direba akwai, ya banko ƙofa bai waiga ba. Ga 'yar talla da farantin gyaɗa ta fito ta gaban bas, ga akuya.

Sai dai kar 'yan uwana masu mashin su ɗauki binciken Turawa su ce an wanke su. Can titi da layinsa a zane, mutum ɗaya ne a kan mashin, da hular kwano mai rufe har haɓa. Mu fa? Buhu biyu na masara a gicciye, ko jarkoki shida, ko damin rake, faɗin mashin ya kusa kai na Keke Napep amma shi matuƙin idonsa na kan faɗin kan mashin kawai, in kai ya shige ya ɗauka komai ya shige. Gwiwar wanda aka goya ita ke fara gaisawa da bamba. In mace ce a baya ga hijabi na lilo kusa da cen. Madubi kuwa samari tun ranar da aka fito da mashin daga kwali suke kwance shi wai ƙauyanci ne, ni har yau na kasa gane wannan gayun. Hular kwano ma tun da Rod Sefti suka matsa a farkon 2009 mutane suka riƙa kifa ƙoƙo da bokitin fenti a ka, aka yi dariya aka watse, shi ke nan.

Inda na fi jin tsoro shi ne gefen tirela da tanka. Direban DAF yana can sama, duk abin da ke daf da ƙofar yaron mota ko kusa da tayoyin baya ba ya ganinsa sam, kuma in zai sha kwana bayan motar yanke kwanar yake, gurbin da ka gani a buɗe yanzun nan sai ya rufe da kai a ciki. Nan ko motocin a tsaye suke ni ban yarda a shiga ba, balle tsakanin tirela biyu, a jira kawai.

Su kuma direbobin da in sun hango mashin a madubi sai su karkato da gangan su matse shi, wai don ya koyi hankali, ina jin ana ba da labarin a majalisa ana dariya. Malam ɗan taku biyu ne fa tsakaninsa da tayar motar da ke ɗaya gefen, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ba ne, akwai tsohuwa ko yaro ɗan makaranta a bayansa da ba su goge fentin kowa ba. In ya faɗi kai za a kwana da kai a ofishin 'yan sanda, kai za ka yi ta zarya wajen mai ɗori ko asibitin ƙashi na Dala, motar da kake tattali kuma tana ajiye a caji ofis rana na dukanta har sai dangi sun zauna an sasanta.