Kafin ku ɗora ganga a kan kiɗan ogan

Ƙannena masu koyon haɗa kiɗa a kwamfuta, bari in ba ku labarin aikin da ya ci mini mako biyu, alhali da na nutsu kwana biyu sun ishe shi. Wani mai shirya gajeren fim ne ya ce yana son kiɗa mai tayar da tsigar jiki a farkon fim ɗinsa, daga baya ganguna su shigo. Na ɗauko Toccata da Fugue mai lamba BWV 565, wadda ake dangantawa da Johann Sebastian Bach, Bajamushen da ya rayu daga 1685 zuwa 1750. Don ogan aka rubuta ta, babban abin kiɗan nan na coci mai ɗaruruwan bututai da iska ke busawa, ana taɓa shi da yatsu, ana taka shi da ƙafa.

Ina jefa faifanta cikin manhaja sai ga lambar bugu a minti ta fito, na kuwa gaskata ta. Na jera ganguna, kafin daƙiƙa ashirin kowa ya kama gabansa. Ashe farkon kiɗan ba shi da tsayayyen taki. Kira ne sau uku, kowanne ya gangaro ya tsaya, kowanne ya fi wanda ya gabace shi kauri, kuma tsawon shirun da ke tsakani yana hannun makaɗi. A takardar kiɗan an rubuta a fara a hankali, jim kaɗan kuma a ruga a guje. Manhajar ta ƙirƙiro lamba ce kawai don an tambaye ta. Idan taki kuke nema, ku je sashen Fugue, wato sashe na biyu na kiɗan, inda sautuka ke gudu a jere, ku dasa alamomin bugu da hannunku gaba bayan gaba. Can ma kada ku saki jiki, don wajen ƙarshe takin yana sake wargajewa.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne na gidan sauti, abin da 'yan situdiyo ke ce wa kii. Sunan kiɗan ya ce D-maina. A da'irar Camelot da masu haɗa faifai ke amfani da ita don gane gidajen sautin da ke jituwa, wannan shi ne 7A, maƙwabtansa kuwa 6A da 8A da 7B. Na yi bes ɗina, wato sautin ƙasa mai kauri, a kan D ina da yaƙinin zai zauna daram. Da na kunna, sai sautukan biyu suka riƙa gogar juna kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Kwana uku ina zargin kunnena, ina zargin sifika, ban taɓa zargin faifan ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Kayan kiɗanmu na yau an ɗaure su ne a kan sautin A mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Tsofaffin ogan na Jamus da yawa kuwa muryarsu ta fi haka tsayi, suna wajen 465, wato sun hau da rabin mataki. Idan a kan irinsu aka naɗi faifan, makaɗi D yake taɓawa, amma abin da ke shiga kunnenku kusan E-filat ne, wanda a maina gidansa 2A ne. Wasu ma ba su faɗa a kan kowane gida ba. Babban ogan da Gottfried Silbermann ya kammala a majami'ar Freiberg a 1714 yana wajen 476. Zafi da sanyin ɗaki su ma suna ɗaga muryar bututu ko su sauke ta. Saboda haka ku nemi wurin da makaɗi ya riƙe dogon sauti da ƙafa, ku taɓa D naku a kai, ku saurara. In ba su haɗu ba, bes ɗinku za ku matsar. Na gwada matsar da ogan ɗin, dogayen sautukansa suka riƙa karkarwa, kwarjininsa ya zube. Ku tuna kuma, in kun ƙara gudun faifai da kashi 6 cikin ɗari ba tare da kun kulle kii ba, ya hau da kusan rabin mataki.

Akwai wani tarko a farkon kiɗan da sai daga baya na gane. Bayan kiran nan uku, sautuka suna taruwa ɗaya bisa ɗaya, sannan su sauka a kan D-mejo, mai F-shaf a ciki. Duk wanda ya bar sautin F na maina yana kuka a ƙarƙashi a daidai nan ya ɓata wuri mafi kyau a kiɗan. Ni na ɓata shi, kuma har yau ina jin abin.

Sai maganar kauri. D na ƙafa yana sauka har wajen kaɗawa 37 a daƙiƙa, inda abin saƙala kunne ba lallai ya nuna shi sosai ba, ga amsa-kuwwar coci tana jan kowane sauti na daƙiƙoƙi. Ranar da muka kunna a manyan sifikoki, babbar ganga da ogan suka cakuɗe suka zama gurnani. Dole ɗaya ya bar wa ɗaya ƙasa. Na koma na bar farkon kiɗan shi kaɗai babu ganga ko ɗaya, na jira amsa-kuwwar ta mutu, sannan na shigo da bugu a kan Fugue bayan na rage kaurin ogan ɗin. Haka aka saka shi a fim ɗin.